Gadagin da muke bar wa barewa

A ƙarshen gonarmu, inda ƙasa ke gangarawa gindin dutse, akwai wani fili da hauya ba ta taɓa shiga ba. Bai kai girman masussuka biyu ba. Gadagi ne ke fitowa a nan, ciyawar nan mai yaɗo da ƙananan ganye da bisashe ke so fiye da komi. Da anka kawo ni gidan, na tambayi maigidana dalilin da ya sa ake barin wuri mai laima haka a banza. Ya ce ba a banza yake ba. Mahaifinsa da ya sare dajin nan ya tarar da barewa da zabbin daji suna kiwo a wurin, sai ya ce tunda ya amshe musu ƙasa, zai bar musu abin sa wa baki.

Na ɗauka barin wuri shi ne a ƙyale shi. Ashe aiki ne. Idan ruwa ya sauka sai garmani ya taso, shi kuwa ba dabbar da ke cinsa, in an bar shi ya yi fure sai ya shaƙe gadagin. Da hannu ake tuge shi, a durƙushe, don hauya ba ta bambanta mai kyau da mugu. Shingen kuma na ƙayar magarya ne, ana yin sa yadda saniya ba za ta ratsa ba amma barewa ta iya tsallakewa, a bar ƴan ƙofofi daga ƙasa saboda zomo da zabbi. Babban sharaɗin shi ne ba a yanka, ba a shara. Gadagi yakan bushe a inda yake, ganye da iri su zube cikin rairayi, namun daji su tsinta har bazara, abin da ya rage shi ne shukar baɗi.

Shekarun farko nakan gan su da hantsi in na kawo fura gona, barewa sun ɗaga kunnuwa suna kallona. Daga baya sai sawu kawai. Gonaki sun ci daji har bayan dutse, babura sun yi yawa, masu tarko ma haka. Lokacin da Allah ya yi wa maigidana rasuwa, sawun uwa ɗaya da ɗanta ne ya rage. Na ci gaba da aikin ni kaɗai. Matan garinmu in sun wuce da itace sukan tsaya su yi mini ba'a.

"Sannu da noma, uwar barewa! Yaushe surukan naki za su kawo gaisuwa?"

Nakan ce musu suna nan tafe, sun tsaya wanka ne. Mu yi dariya, su wuce.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fure. Kafin sanyi ya fita an share dajin Kurfai da manjagara kamar tsakar gida, ana loda ciyawa a kamyo, manyan motocin kaya, zuwa Yamai. A kasuwar Filinge mutane na sayar da bisashe ƙashi da fata. Muna da saniya guda, ita ke ba jikokina nono. Da bazara ta yi nisa sai ta kwanta, kullum da safe sai maza sun taru, wasu a ƙaho wasu a wutsiya, sun ɗaga ta.

Ɗana na fari, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya same ni ina ɓarzar dilo, ƴaƴan anza da muke ci in yunwa ta matsa. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya daɗe yana zane a ƙasa.

"Inna, saniyar ga ba ta kai damana."

Na ce Allah na nan.

"Allah na nan, Inna, gadagi ma na nan. Ɗiyana na kwana da yunwa, ke kina ciyar da abin da ko ganinai ba ki yi."

Na ce, "Kai, in ka share da manjagara, iri za ka kwashe. Ɗauki lauje ka yanki na sama."

"Mi ya rage a sama? Kara ne. Abincin duk yana ƙasa, ke ma kin sani."

Na sani. Na dubi ƙaramar jikata da ke zaune kusa da turmi, wuyanta kamar zare. Na ce ya share rabi, ya bar rabin da ke gindin dutse, ya maida ƙaya in ya gama.

Ya yi yadda na ce, sai abu ɗaya. Ya ɗaga shingen don amalanke ya shiga, ya bar shi a buɗe da niyyar komowa da yamma. A ƙasarmu kuwa shinge buɗaɗɗe da sawun manjagara ma'anarsu ɗaya, mai wuri ya saki. Ba wanda ya yi sata. Kowa ya ga an saki, kowa na da dabba a kwance. Da na je washegari na tarar da mata da buhuna, har da masu yi mini ba'a, suna tankaɗe rairayi da faifai don ganyen da ya saura. Wata ta ɗago ta ce, "Allah shi saka miki, kin ceci awakinmu." Na ce amin.

Saniyar ta tashi, wannan ba zan ɓoye ba, kuma na ji daɗi. Amma da damana ta faɗi, filin ya fito kore shar da garmani zalla. Na tuge, na tuge, ban ga abin da nake tuge wa ba. Wata Bafillata da muke musayar nono da hatsi ta ce mini irin gadagi ba ya narkewa a cikin dabba. Sai na riƙa kwasar busasshen kashin saniyarmu a kwando ina kaiwa, ina marmashewa a filin. Gadagin ya fito ɗaiɗai, nan tsiro can tsiro, wanda zani ɗaya zai rufe su duka. Na kewaye su da ƙaya. Kowace safiya ina duba ƙasa. Sawun awaki, sawun kare, sau ɗaya na zomo. Na barewa ban sake gani ba. Ko ta zo da bazarar nan ta tarar da rairayi ta wuce, ko ta mutu a wani kwari, ban sani ba.

Ɗana ya yi mini haƙuri damana biyu. Iyalinsa na ƙaruwa, gonar kuwa ta gaji, rumbu ba ya kai mu rani. Ni da kaina na kira shi na ce ya shigar da filin cikin gona. Bai dube ni ba, ya ce to.

Ƙasar da ta huta tun zamanin kakansa, hatsin da ta yi ba a ga irinsa a garin ba, zangarniya kamar damtse. Mutane na tsayawa a hanya suna cewa ma sha Allah, ashe dukiya muka bari kwance shekara da shekaru. Surukata ta sussuka damin farko ta yi tuwo da miyar kuka, ta kawo mini nawa ɗaki. Na daɗe ina kallon kwanon. Daga baya na wanke hannu na ci, don yunwa nake ji.