Baftisma a Ramin Gonarmu

Gonar gandunmu tana bakin hanyar da ta fita daga ƙauyenmu zuwa Ƙetare. Da Baba ya rasu, gandu ya koma hannun yayana, kamar yadda aka saba. A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, 'yan kwangila suka zo neman marmara don gyaran hanya. Suka tona, suka ga ƙarƙashin gonarmu jajir yake. Yaya ya shirya da su shi kaɗai. Bai tambayi Inna ba, balle ni. Na fito da safe da fartanya, na tarar katafila tana ture dawar da ta kai gwiwa, har da ƙasar da muka yi shekaru muna kai wa taki.

Yaya ya sayi babur da kuɗin ya tafi Funtuwa, ya bar mana rami. Da ƙodago a gonakin mutane na ciyar da Inna har ta rasu. Bai zo jana'iza ba.

Bayan tafiyarsa na bar tsafin gidanmu na karɓi Almasihu. Ramin nan kuwa yana riƙe ruwa har tsakiyar rani, lokacin da rafi ya ƙafe, sai ikilisiya ta mai da shi wurin baftisma. Fasto tsoho ne, hannunsa ba ƙarfi. Ni ke shiga ruwa tare da shi, in tsaya bayan wanda za a nutsar, in tallafe shi in ɗago. Ni na san inda ƙasa take da dama, da inda katafila ta yanke ta ta zurma.

Wata rana Yaya ya dawo a bayan akori-kura, ƙafa ɗaya a shanye, ga tari. Bai zo gidana ba, gidan mai bishara, mai wa'azin ikilisiyarmu, ya sauka, ya ce ya tuba. Dattawa suka ce saboda ciwonsa ba za a jira ya gama ajin baftisma ba. Ni damina biyu na yi a wannan aji, ana bincike ko na daina giya.

Na je wurin Fasto raina a ɓace. Na ce tuba ba ta cike rami, ba ta tayar da Inna. Na ce aƙalla a sa shi ƙarƙashin horo, ya zauna a bencin baya kowa ya gani. Fasto ya ce Yaya ya faɗi laifinsa gaban dattawa bai ɓoye komai ba, kuma ba shi da abin biya sai ƙasusuwansa.

Na ce, "Baba, in haka ne, wanda aka zalunta ya yi asara sau biyu."

Ya ce, "Ɗana, ba ni na yafe masa ba. Wanda ya yafe, Almasihu, da jininsa ya biya. Bai nemi shawarata ba, bai nemi taka ba."

Ya ƙara da cewa ba zai tilasta ni in shiga ruwa in tallafi Yaya ba. In na ƙi, zai shiga da wani, amma gurgu a ramin da ba a san gindinsa ba, sai abin da Allah ya yi.

Ranar Lahadi na je, na tsaya a kan tudu da rigata a jiki, na harɗe hannuwa. Mata suna waƙa. Wani matashi ya shiga da Fasto. Yaya ya gangaro da sanda, sai na ga ya nufi gabas, daidai inda ƙasa ta zurma. Abin ya ƙara ƙona mini rai. Ramin da ya jawo mana ma bai san shi ba. Ban tsaya tuɓe riga ba na faɗa ruwa, na damƙi hannunsa da ƙarfin da ya fi kima.

Na ce, "Ba nan ba, Yaya. Gonar da ka sayar, ko hanyarta ba ka sani ba?"

Wata tsohuwa a bakin ruwa ta ce a bar su, haka suke tun suna yara.

Ya ce, "Riƙe ni, ƙanena."

"Na riƙe ka. Amma kada ka zaci magana ta ƙare."

Fasto ya yi addu'a ya nutsar da shi. Na ji shi a hannuna sakayau kamar karan dawa. Mutumin da a da yake ɗaukar damin gero biyu a ka. Na ɗago shi yana tari, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa haƙorana a cije.

Bai iya hawa tudun ba, sai na goya shi. Matar mai bishara ta miƙo zane ta ce ga ɗaki can a gyare. Na ce a'a, yana da ɗan'uwa a garin nan, kada a ja mini zagi.

A gidana ya zauna har kaka ta zagayo, ya rasu. Mun yi faɗa sau da yawa, galibi ni ke ɗagowa, shi yana saurara. Allah ya gama da shari'arsa tun ranar nan a cikin ruwa. Ni har yau in na bi ta bakin ramin sai zuciyata ta tafasa, kuma nakan gaya wa Ubangiji haka a fili, don ban ga amfanin ɓoye masa ba.