Tagar da Baba Ya Huda

Mahaifina magini ne, mai tsantseni har ya yi yawa. Idan kaza ta taka masa ɗanyen siminti, sai ya sake shafe daɓen gaba ɗaya, yana yi yana mita. Inna takan ce da zai iya, da ya gwada hancinmu da igiyar awo ya ga ko a miƙe yake. Ya gina benaye, amma ni aikinsa da nake alfahari da shi wata 'yar taga ce wadda ko kan akuya ba zai shiga ba.

Ya daɗe yana fitsarin jini, ba wanda ya sani sai Inna. Ya rame har sai ya ɗaure wandon aikinsa da igiyar buhu. A ƙaramin asibitin unguwarmu kuwa akwai mai gwaji, mace mai fara'a, da madubin likita guda ɗaya. In ta leƙa fitsari a ciki, tana ganin ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiya. Hanyar ce matsala. Sai mutum ya karɓi kwalba, ya zaga banɗaki a baya, sannan ya ratso baranda da abinsa a hannu, kowa na kallo. Baba ya taɓa zuwa, ya hango matar yayana a layin awon ciki, nan take ya ce bango ya zo dubawa.

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Inna.

"Ai ba a wanka a baranda," ya ce mata.

Ƙaryar tasa ce ta kamo shi. Mai gwaji ta ji batun duba bango, ta aiko ya zo ya liƙe mata tsagar da ke ɗakinta. Yana cikin aiki ta shiga yi masa ƙorafi.

"Baba, kwalabena sun ƙare a aljihun maza. Su karɓa, su zaga baya, shi ke nan sai labari."

Baba ya daɗe yana kallon bangon da ke fuskantar banɗaki.

"'Yata, in aka huda nan fa?"

Shugaban asibiti ya amince. Baba ya huda, ya sa marfin katako, ya shafe dakalin tagar sumul. Ya tattara kayansa, ya faki ido ya zura kwalba ɗaya a aljihu, ya zaga baya, wai zai duba aikin ta waje.

Jim kaɗan aka tura marfin. Wani hannu ya shigo, duk faso, da siminti a ƙarƙashin farce, ya ajiye kwalba. Mai gwaji ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma kira suna ba. Da ta gama dubawa sai ta yi magana da tagar.

"Tsargiya ce, kuma tana da magani. Bawan Allah ya jira, yanzu zan miƙo."

Baba ya warke, igiyar wando ta koma kan buhu. Shi da bakinsa yake ba da labarin yanzu, kuma maza da yawa sun bi ta bayan nan.

Sai dai gindin kwalbarsa ya bar zobe a ɗanyen simintin, yana nan har yau. Na taɓa tsokanarsa, na ce mutumin da bai yafe wa kaza ba, ya aka yi ya bar wannan?

"Na gani, cokalin gini ma yana hannuna," ya ce. "Na bar shi ne don mai zuwa ya san ba shi ne na farko ba."