Moumouni da Dabinon Bakin Layi

Kafin motocin ɗaukar leburori su fara tsayawa a unguwar Jadid ta garin Sabha, Moumouni ya riga ya tako daga unguwar Hajara, ya buɗe ƙofar baya ta sala, wato zauren wasan bolin, ya tuɓe takalmansa. Shekara goma sha uku ke nan yana wannan sammako. Ba ya kunna fitilu duka. Guda ɗaya yake kunnawa can ƙarshe, sai ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da katako, ya hango layin daga ƙasa, yadda manomi yake hangen kwanciyar ruwa a fangali.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Layi ne dogo na katako mai sheƙi, a ƙarshensa an jera 'yan sanduna goma masu siffar kwalba, shi ya sa a nan kwalabe ake ce musu. Ka mirgina ƙwallo mai nauyi, ta je ta zubar da su. Hagu da dama kwata ce, in ƙwallonka ta faɗa ciki ka yi asarar jifa. Abin da yawancin masu jifa ba su sani ba shi ne, kashi biyu cikin uku na layin nan shafe yake da wani mai siriri wanda ido ba ya gani. A kan man ƙwallo sulɓi take yi. Sai ta fita daga cikinsa ta taka busasshen katako, sannan ta kama ƙasa ta karkato ta shiga kwalabe.

Na'urar da take shafa man nan ta lalace tun shekararsa ta biyu, kuma har yau ana jiran kayan gyaranta daga birnin Tarabulus. Moumouni da hannu yake yi: ɗan famfon feshi, da tsumma a bakin doguwar sanda. Tsakiya ya ba ta da kauri, gefe ya rage, layi shida, kuma ba za ka bambanta na farko da na shida ba. In ka tambaye shi inda ya koya, sai ya yi dariya ya ce a gonar albasa ta mahaifinsa a wajen Galmi, can Nijar. Wanda ya san yadda ake raba ruwa tsakanin fangali arba'in, in ji shi, layi shida ba zai gagare shi ba.

Mijinyawa mai shayi, wanda teburinsa yake bakin ƙofar sala, shi ne shaidar farkon labarin Illia. Illia mai buga bulo ne, mutumin Tawa, wasan ya shiga ransa har ya samo ƙwallon kansa a cikin tsofaffin kaya na kasuwa. Irin wadda ake cewa riyaktif ce, wato mai fatar da take kama katako ta lanƙwasa, amma ta 'yan koyo, mafi araha a danginta. Ramukan yatsunta ma sun yi masa yawa, sai da ya cusa salatif. Sati uku da sayenta ya zo zai jefar da ita a bola.

"Baba Moumouni, ƙwallon ga tana da iska," in ji shi. "Da safe in na jefa, ta wuce sambal kamar ba ta san ni ba. Da marece ta karkace tun ban ce mata ba. Hannuna guda ne, mi ke canza ta?"

"Ba iska ba ce, ɗana. Ƙasa ce ke canzawa, kai kana kallon sama."

Ya karɓi ƙwallon ya juya ta, ya nuna masa zoben mai da ya kwanta a jikinta. Da safe, ya ce, mai sabo ne, yana da yawa, ita kuwa fatarta ba ta da haƙoran cizo a cikinsa, sai ta yi ta sulɓi har lokacin juyawa ya wuce. Tsakar rana, in an ɗan tattaka layin, a nan take jin daɗinta, ta tafi a natse ta juyo a natse. Da yamma kuwa, ƙwallaye sun kwashe man, zafin Sabha ya shanye saura, sai ta kama ƙasa da wuri, dole mai jifa ya matsa ya ba ta hanya. Ya kuma koya masa cewa fatar nan shan mai take yi har ta ƙoshi ta mutu, don haka a riƙa goge ta bayan kowace jifa, lokaci-lokaci a ɗora ta bisa soro da hantsi ta yi gumi, amma a sauke ta kafin rana ta take, kada ta tsage. Illia ya koma da abarsa, ya sa mata suna 'Yar Talaka.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a gasar bayan ƙaramar Sallah, shekara huɗu da suka wuce. An fara tun safe, mutum talatin da biyu, ba a kai ga wasan ƙarshe ba sai bayan la'asar. Waɗanda suka rage su ne Illia da Hajj Miftah, ɗan gari, babban ɗan kasuwa daga unguwar Sukra, aminin mudir mai sala, wanda ƙwallonsa daga ƙasar waje aka kawo masa ita a cikin jakarta ta musamman. Illia ya cinye shi, ci kuma ba na kusa ba.

Hajj Miftah bai kalli Illia ba. Sai ya nuna Moumouni da yatsa, a gaban jama'a, ya ce wannan ne ya gyara wa ɗan ƙasarsu layi, ya yi maguɗi da mai. Ya ce ƙwallon bola ba ta cin ƙwallonsa sai da ha'inci. Daga nan ya juya ga mudir ya tambaye shi, wai shin ma'aikacin nan nasa yana da takardu kuwa, ko a kira shurta, wato 'yan sanda, su duba?

Duk wanda ya zauna a garin nan a matsayin baƙo ya san nauyin wannan tambaya. 'Yan Nijar da suka zo taya Illia murna suka fara neman ƙofa da ido. Mudir ya sunkuyar da kai. Mijinyawa ya ce shi ya riga ya fara yi wa Moumouni addu'ar fita lafiya, don ya ga an kwashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Aikin mutumin nan da zamansa a garin duka suna kan bakin mutum ɗaya. Amma Moumouni ya ce daga baya ba shurta ne suka tsaya masa a rai ba. Kalmar ha'inci ce, don bai ga da wace fuska zai kai wa matarsa Hindou labarin an kore shi da wannan suna ba.

Bai rantse ba, bai roƙa ba. Cikin Larabcinsa na kasuwa ya ce, "Ya Hajj, ka ba ni rabin awa. In na yi ƙarya, ni da kaina zan hau motar shurta."

Ya bar layi na uku, inda aka yi wasan, yadda yake a bushe. Ya wanke na huɗu a gaban kowa, ya shafa masa sabon mai irin na safe. Sannan ya ɗebi dabino huɗu daga farantin baƙi, ya taka a kan siririn katakon da ya raba layukan biyu, ba takalmi, ya ajiye biyu ta gefen wannan, biyu ta gefen wancan.

"Kai za ka jefa ƙwallayen biyu, taka da ta Illia, da hannunka, don kada a ce Illia ya yi da gangan," in ji shi. "A busasshen layi, taka za ta juya a dabinon farko, da wuri, ta tsallake kwalbar gaba ta hagu. Tasa za ta jira sai dabino na biyu, ta shiga daidai. A layin mai, taka za ta juya a wancan dabino ta share su. Tasa za ta wuce nata dabinon tana sulɓi, in ta zubar da shida ta yi ƙoƙari."

Hajj Miftah ya jefa tasa a busasshen layi. Tana isa dabinon farko ta karkace kamar an ja ta da igiya, ta tsallake ta hagu. Ya ɗauki 'Yar Talaka yana yatsine fuska, ya jefa. Ta wuce dabinon farko ko kallo, ta kai na biyu, ta juyo a hankali, kwalabe goma suka zube. Wani dattijo a baya ya ce subhanallah da ƙarfi. Aka koma layin mai. Ƙwallon Hajj ta juya daidai dabinonta, ta share komai. 'Yar Talaka ta sulale ta wuce nata, ta daki gefe. Aka ƙirga abin da ya faɗi, shida.

Wallahi har yau in Mijinyawa ya kawo nan a labarin sai tsikar jikinsa ta tashi, ni ma haka. Jifa huɗu, daga hannun mai zarginsa, kuma ko ɗaya ba ta saɓa wa bakinsa ba. Moumouni ya ce a hankali, "Ƙwallonka ta fi tasa, ya Hajj, ba musu. Amma ta mai ce, kuma wasan ƙarshe ya zo bayan mai ya ƙare. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Hajj Miftah ya sa ƙwallonsa a jaka ya fita. Ba a kira shurta ba. Washegari Moumouni ya yi sammakonsa kamar kullum.

Moumouni, kai ne mai aikin da in ya yi kyau ba a gani, in ya ɓaci kowa ya san sunanka. Kai ne ka durƙusa shekara goma sha uku domin wasu su miƙe su ɗaga kofi. Na Hindou, ɗan masu albasa! Kana da ikon karkatar da kowace gasa da feshi biyu, ba mai kama ka, ɗan ƙasarku yana ciki, kuma ba ka taɓa yi ba.

Yanzu gwiwoyi sun ce sun gaji, zai koma gida. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, aka taru a sala don yi masa sallama. Ana cikin shan shayi sai ga Hajj Miftah, wanda ya ci gaba da zuwa wasa duk shekarun nan amma bai taɓa tayar da zancen ba. Ɗauke yake da kwalin dabino a kafaɗarsa, shi da kansa. Ya ajiye a gaban Moumouni, ya juya ga jama'a.

"A nan na kira mutumin nan maha'inci, kuna ji," in ji shi. "A nan nake janyewa, ku ji. Ya Hajj Moumouni, ka yafe mini."

Moumouni ya rufe fuskarsa da hannu, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe ya ce ya yafe tun ranar, amma ya gode da aka faɗa da baki.

A nan ne Illia ya fasa ƙwai, ya ce duk shekarun nan Baba bai taɓa jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Aka yi caa, aka danƙa masa 'Yar Talaka. Ya ɗauki dabino ɗaya daga sabon kwalin, ya taka taku huɗu kacal, ya ajiye a bakin kwata, ya dawo. Ya yi bismilla ya jefa. Ƙwallon ta gangara, tana isa dabinon ta faɗa kwata. Sala ta ɓarke da dariya, Hajj Miftah har da hawaye.

"Ni ban iya jifa ba," in ji Moumouni. "Ƙasa kaɗai na sani."

Mun gode, Baba Moumouni. Allah ya kai ka Galmi lafiya, ya sanyaya maka gwiwoyi, ya sa ka iske iyali cikin alheri. Ku kuma 'yan'uwa da kuke tsaye a Jadid kuna jiran aikin yini, ko shara ce ta zo muku, ko kwaɓa siminti, ku san aikin har cikinsa, ku riƙe shi da gaskiya, don wata rana shi kaɗai zai tsaya muku inda takarda ba ta tsaya ba. In Hindou ta buɗe jakar mijinta ba za ta ga abin a zo a gani ba, kwalin dabino ne da 'yan tufafi. Amma sunan da ya fita da shi daga gidanta, da shi ya dawo.