Tarin da ya shiga waƙar Gwaggo

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambayar ina aka kwana a fim ɗin Gwaggo, ku yi haƙuri, kwanciya na yi.

Ga wanda bai sani ba, sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a ƙauyukan Minjibir. A gefe ina haɗa fim a kan Gwaggo Dije, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a garinmu da ta iya waƙoƙin niƙa. Akwai wata doguwa da take jero matan gidanmu, da garin da aka auro kowacce. Ita nake so in samu a cike, ko da ban tabbata ni ne na cancanci aikin ba.

Gwaggo ba ta waƙa a zaune. Sai ta durƙusa gaban dutse, gero na ƙarƙashin hannunta, sannan baiti yake zuwa. Ta gaji, waƙa ta tsaya. Haka muke ɗauka kaɗan-kaɗan, har muka kai rabi.

Da kaka na fara lura ina tari. Na ce ƙaiƙayin sussuka ne, na sayi maganin ruwa a kemis.

Sai zazzaɓin yamma. Sai rama, har wando ya daina zama a ƙuguna.

Ranar da na ga jini a kaki, matata Hadiza ta sa ni a mota zuwa Kano.

Likita ya ce, "Tun yaushe kake tarin?" Na ce kamar sati biyu.

Hadiza ta ce, "Haba Malam! Kunna masa fim ɗinka ya ji."

Na kunna a waya. Ga muryar Gwaggo, ga gurzar dutse, ga ni a bayan kyamara ina ta tari, tun ɗaukar farko. Ni da nake rubuta abin da ya faru kullum, ban taɓa rubuta tarin ba. Na saba da shi har na daina jin sa.

Aka yi gwajin kaki da hoton ƙirji. Tarin fuka ne, wato tibi, ga ruwa ya taru a gefen huhu. Aka kwantar da ni, aka zuƙe ruwan da allura ta haƙarƙari. Ba zan ɓoye ba, na yi kuka.

Maganin kyauta ne. Hoto, gado da kuɗin mota su suka cinye akuyar Hadiza.

Abin da ya fi ciwon tsorata ni shi ne ɗakin Gwaggo, ƙarami, ba taga, inda na yi ta zama da ita. Aka kai ta gwaji tare da iyalina. Allah ya tsare su duka. Amma likita ya ce kada in kusanci tsoho sai kakina ya fita tas.

Na koma gida da kwanona daban, kofina daban. Ƙwayoyi kowace safiya kafin kari, fitsari ja kamar manja. Wata shida ake sha. Gwaggo ta riƙa aiko min kunu da saƙo: "Ku gaya wa mai hoto dutse na jiransa."

Da aka ce na warke, na saɓi kyamara na tafi. Na tarar gwiwoyinta sun kumbura tun damina, ba ta iya durƙuso. Muka ɗora dutsen a kan turmi, ta zauna a kujera ta gwada. Ta gurza, ta gurza, tana motsa baki.

Ta ce, "Sale, baitocin ba sa zuwa. Ba haka suka san ni ba."

Na ce ta faɗo min sunayen kawai, ba waƙa. Ta kawo biyu, ta rikice, ta ce in kashe abin nan.

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗuna. Na gode wa Hadiza, da ma'aikatan jinyar da suka jure ƙorafina, da ku masu addu'a.

Don Allah, tarin da ya wuce sati biyu a je a yi gwajin kaki. In an ba ku magani ku sha har ƙarshe, ko kun ji sauƙi. A kai mutanen gida su ma a duba su.

Fim ɗin zai fito da rabin waƙa. In akwai wadda uwarta ko kakarta ta taɓa niƙa tare da Dije ta gidan Maƙera, ta tambaye ta yau, kada ta bari sai ta samu lokaci.