Wuƙar Baba ba ta je farauta ba

Shekarata ta biyu ke nan a gidan yayana a unguwar Abu Hamour, can ƙasar Larabawa, lokacin da ciwon farauta ya kama shi. Injiniya ne a kamfanin gas. Abokan aikinsa suka zuga shi ya ba wani maƙeri a Afirka ta Kudu aikin haɗa masa bindiga mai cin dogon zango, ta jira shi can har ya je farauta lokacin hutu. Abu ɗaya ya rage: ya faɗa wa maƙerin irin harsashin da za ta ci, don a kan harsashi ake yanka bakin bindiga.

Wata guda yana kan waya. Ya tambayi Turawan bidiyo, ya tambayi wani Balarabe a ofis. Ni da na bi mahaifinmu daji tun ina 'yar shekara tara, ina riƙe masa goran albarushi lokacin da Yaya ke makarantar kwana, ni bai tambaye ni ba.

Wata Juma'a bayan masallaci ya baje hotunan harsasai biyu a kan tabarmar cin abinci. Ɗaya siriri, wai shi shida da rabi. Ɗaya kakkaura, wai shi ɗari uku.

"Siririn zan ɗauka," in ji shi. "Ba ya dukan kafaɗa, iska ba ta karkatar da shi. Daga mita ɗari bakwai zan kayar da gwanki. Khalas, shi ke nan."

"Yaya, gwanki fa ka ce, ba gada ba."

"Ke Auta, me kika sani a lissafin harsashi?"

"Lissafi kam ban sani ba. Na dai san jini."

Na ba shi labarin ranar da Baba ya harbi gwanki daga nesa da adakarsa, dalma ta shige shi amma ba ta kayar da shi ba. Tun hantsi muke bin ɗigon jini har la'asar. Muka same shi a kwazazzabo, ƙudaje sun cika raunin, yana numfashi. Baba ya yi bisimilla ya yanka shi, bai ci ko tsoka ɗaya ba. Daga ranar ya ce dabbar da ba ka ganin ƙiftawar idonta, ba taka ba ce.

Yaya ya yi dariya. "Zamanin adaka ke nan. Yalla, maza ɗauko mini wuƙar Baba, da ita zan yi yanka a can."

Wuƙar nan ni Baba ya damƙa wa kafin ya rasu, da kubenta na fatar damo. Raina ya ɓaci.

"Ka ɗauki mai kaurin, kafaɗarka ta sha duka, ko kuma ka matsa kusa kamar namiji. In ba haka ba, wuƙar nan ba za ta bi ka ba."

"A gidana kike faɗa mini haka?"

"Gidanka ne, Yaya. Wuƙar tawa ce."

Matarsa ta ce in ba shi haƙuri, ai babba ne. Na ce haƙurin me? Gwankin fa, wa zai ba shi haƙuri?

Siririn ya zaɓa. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Ranar tafiya na ga ya sayo wata wuƙa mai ƙyalli a kanti, ya cusa a jaka. Ta Baba kuwa na shafa mata mai, na mayar da ita ƙasan akwatina.