Asu Ya Shiga Akwatin Hula

A shagon wanki da guga, wata dattijuwa tana tsaye rungume da zagayayyen akwatin hula kamar mai riƙe da jariri. Tabaraunta ya zamo kan hanci, amma ta ƙi sakin hannu ta gyara. Sai da layi ya ƙare ta buɗe murfin. A ciki akwai hular matuƙin jirgi naɗe da farin ƙyalle, asu ya fara cin gefenta.

"Mama, wannan sai wanki," in ji mai shagon. "In ba haka ba, ƙwarin nan su cinye ta, su yi sakace da akwatin."

"Wankin zai kai ciki, ɗana?"

"Har shatin gumin nan zai fita fes!"

Ta shafa shatin da yatsanta. Wataƙila hular ɗanta ce, don ba a jin tsoron wanke gumin wanda zai dawo ya sake yin wani.

"Mama, a wanke?"

Ta sunkuya ta shaƙi cikin hular, ta tura masa akwatin. Har yanzu ba ta saki numfashin ba.