Sista Ina-Sauƙin

Idan akwai maganar da Sista ta tsana a duniyar nan, to "da sauƙi" ce. Shekara goma sha tara ke nan tana zaune a tebur ɗaya, a bakin ƙofar likitan da ke yi wa manya aikin ƙwaƙwalwa da ƙashin baya da jijiyoyi, kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa tambayar mutum jikinsa ya ba ta wata amsa daban ba. A turo dattijo a keken marasa lafiya, wuya a ɗaure, baki a karkace, ta ce, "Baba, yaya jikin?" sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce da sauƙi. Ita kuwa ko kai ba ta ɗagawa daga kan kati take mayar masa, "Ina sauƙin?" Da haka sunan ya bi ta. Tun daga masu shara har mai gadin ƙofa, Ina-Sauƙin suke kiranta, a bayan idonta dai.

A rubuce, aikinta bai taka kara ya karya ba. Ta karɓi kati, ta auna jini, ta rubuta abin da ya kawo mutum, ta nuna masa dogon benci. Sai dai Likita Litinin da Alhamis kawai yake ganin mutane, sauran kwanakin yana ɗakin tiyata, kuma mutum arba'in kan yi sammako saboda shi kaɗai. Wanda dole ya shiga yau da wanda zai iya jiran sati uku, a teburinta ake tace su. To yaya za ki tace mutanen da dukkansu suka ce miki da sauƙi?

Saboda haka tun da wuri ta daina yarda da baki, ta koma kallon takalmi. Barandar doguwa ce, kuma tun daga can ƙarshenta Sista take sauraren tafiyar mutum. Akwai mai ƙafar da ke faɗuwa faf, faf, kamar ana yar da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai wanda bakin takalminsa ɗaya ya cinye, ɗayan yana nan sabo fil. Akwai wanda silifas zai suɓuce masa, ya yi taku uku bai sani ba. Irin waɗannan ko sun rantse da sauƙi, katinsu sama yake hawa.

Masu ciwon hannu kuwa wata dabarar take yi musu.

"Mama, yaya hannun?"

"Da sauƙi, 'yata."

"Ina sauƙin? Kwance ɗankwalinki ki sake ɗaura mini in gani."

Tsohuwa ta yi ta kokawa da ɗankwali, yatsu sun ƙi kamawa, har ɗiyarta ta miƙa hannu za ta taya ta. Sista ta buge hannun.

"Ke bar ta! Tun yaushe kike ɗaura mata?"

"Ya kai wata huɗu."

"Wata huɗu, kuna zaune kuna sauƙi!"

Mutane da yawa sun kai ƙararta cewa ba ta da fara'a. Likita, mutum mai sanyin magana wanda ƙaramar gudumarsa ta roba ba ta barin aljihunsa, sai ya saurare su har su gama, ya ba su haƙuri, ya bar ta a teburinta. Shi ya san amfaninta. Yakan ce jijiyar da aka danne tana da kwanakin da za ta iya jurewa, in suka wuce, ko hannun wa ya yi aikin ba lallai ta farfaɗo ba. Wannan ne ke ƙona wa Sista rai. Ta sha ganin mutum ya zo a wata na shida da abin da za a iya gyarawa a wata na farko, kuma in aka bi diddigi, duk wanda ya tambaye shi a watannin nan amsa ɗaya ya samu.

A gida kuwa ba ta da wani suna sai Auta. Yayanta tela ne, ya girme ta da shekara goma sha shida, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. A ƙarƙashin teburin kekensa na ɗinki ta yi rabin karatunta, tana kwance rub da ciki da littafi, ƙafarsa ta dama tana hawa da sauka a gefen kunnenta. Keken irin na da ne, na takawa, kuma Yaya ya ƙi na lantarki ƙememe, wai ba ya jin magana. Duk farar rigar aikin da Sista ta taɓa sakawa daga wannan keken ta fito. Ya ji labarin laƙabinta, kuma in ta kai masa ziyara yakan tarbe ta da shi don ya ga ta ɓata rai.

Ciwon baya dai wane tela ne ba ya da shi? Ta sha ce masa ya zo Likita ya duba shi, shi kuma ya ce Allah ya kiyaye, ai in aka gan shi a bencin likitan ƙwaƙwalwa, gobe unguwa za ta ce ya zautu. Ta yi bayani har ta gaji cewa likitan masu taɓin hankali daban, wannan daban. Gidansa yana can ɗaya ƙarshen gari, mota biyu ake hawa, don haka kowace Lahadi da yamma take kiransa a waya.

"Yaya, ya bayan?"

"Da sauƙi, Auta."

"To Allah ya ƙara sauƙi."

Haka take amsawa, ita da kanta. Sati guda tana faɗa da wannan magana a bakin baƙi, ranar Lahadi ta gaji, so take ta ji ta a bakin ɗan'uwanta ta yarda. Kuma a waya ba a ganin takalmi.

Wata Laraba da ba ta aiki ta ɗauki sabon farin yadi ta nufi shagonsa da hantsi. Tun kafin ta ƙarasa wani abu ya tsaya mata a rai, ta rasa mene ne, sai da ta sa kai ciki ta gane: shiru ne. Keken yana lulluɓe da tsohon zane, ƙura ta kwanta a kai. Yaya yana zaune a benci da allura a hannu yana dasa maɓallai. Nan take ta tuna cewa shekara da shekaru duk sanda ta kira shi sai ta ce ya tsayar da keken don ta ji abin da yake faɗa. Lahadi nawa ke nan ba ta ce masa haka ba? Ta ƙirga a zuci, ta kai takwas.

"A'a, Ina-Sauƙin ce da kanta!" ya ce yana dariya, amma bai tashi ya karɓi yadin ba kamar yadda ya saba.

Ta kalli ƙasa. Silifas ɗin hagu yana ƙafarsa. Na dama yana can gefe a kife, ƙafar tana kan siminti tsirara.

Ta ajiye yadin ta bi ta ƙofar baya ta shiga cikin gida. A tsakar gida katifa tana jingine da bango tana shan rana, ga wandunansa uku a kan igiya. Matarsa tana durƙushe gaban bahon wanki, tana ganin inda idon Sista ya tsaya sai ta sunkuyar da kai.

"Anti, tun yaushe?"

"Ƙafar ta kai wata biyu yana janta." Ta goge hannu a zane. "Wancan kuma yau kwana biyar. Ba ya jin fitowarsa, sai dai ya ga wando ya jiƙe."

"Kwana biyar! Kina da lambata, Anti! Kin san inda nake aiki!"

"Rantsar da ni ya yi. Ya ce da wane baki zai gaya wa yarinyar da ya goya cewa yana fitsari a wando? Ya ce gara ya mutu."

Sista ta koma shago. Duk faɗan da ta saba yi wa iyayen wasu ya zo mata baki, amma wannan Yaya ne, ko ɗaga masa murya ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa ta ɗauki silifas ɗin ta saka masa, ta ce ya ɗaga babban yatsansa. Ya kalli yatsan, ita ma ta kalla, yatsa bai motsa ba.

"Lahadi takwas, Yaya. Lahadi takwas ina tambayarka."

"To ai kin tambaya na amsa. Me kike so in ce?"

"Gaskiya!"

"Wa kika taɓa ji an ce masa yaya jiki ya ce babu sauƙi? Ai rashin godiya ne."

Ta tare tasi, ita da matarsa suka kama shi suka saka a baya. A asibiti ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata har Likita ya fito tsakanin aiki da aiki, hula a kai, ta tare shi da abin da ba ta taɓa yi ba, wato roƙo. Ya zo ya sa aka kwantar da Yaya, ya fito da gudumarsa.

"Malam, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Likita."

Sista ta juya ta fuskanci bango, don in ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba.

Likita ya ƙwanƙwasa gwiwa da agara, ya bi ƙafar da tsinin allura har sama yana tambaya ko ana ji. Sannan ya ja Sista gefe ya tambaye ta tun yaushe. Ta faɗa masa. Ya yi mata wani kallo ta saman tabarau, wanda da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Hoton da aka ɗauka ya nuna abin da su biyun suka riga suka sani: ɗan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya fashe ya zame, ya danne jijiyoyin da ke sauka ƙafafu da mafitsara. Likita ya ɗage aikin wani, kafin la'asar an shiga da Yaya.

Awa uku da rabi ta yi a kan dogon bencin nan. Shekara goma sha tara tana tura mutane kansa, ba ta taɓa sanin yana da tauri haka ba. Haushin Yaya take ji, da na matarsa, da na duk wanda ya fara koya wa mutane wannan amsa, amma haushin kanta ya fi su duka. Matar da ke gane ciwo daga ƙarar takalmi ta kasa jin keken da ya yi shiru wata biyu a kunnenta.

Aiki ya yi kyau, in ji Likita. Ciwon ya tafi. Fitsarin ya dawo hannunsa a hankali cikin makonni, matarsa ta daina fitar da katifa. Ƙafar ce dai Likita ya ƙi yin alkawari a kanta. Ya ce a yi ta motsa ta, a jira, wataƙila ta dawo, wataƙila iyakarta ke nan. Ya fara cewa, "Da a ce tun watan farko ne..." sai ya ga fuskar Sista, ya haɗiye sauran.

Bayan sati shida, ranar wata Alhamis, benci cike, ta ji tafiyar tun daga ƙarshen baranda. Sanda, sannan faf. Sanda, sannan faf. Ba ta buƙaci ɗaga kai ba. Ya zo ya zauna a kujerar gaban teburinta kamar kowa, ya miƙa katinsa, ya jingine sandar. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta rubuta, sannan ta zo kan layin da dole ta cike.

"Yaya, ya jikin?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Jiya na yaye zanen keken," ya ce. "Na share shi, na zuba masa mai, na ɗauko farin yadin nan naki. Na ɗora ƙafar. Tana dannawa ƙasa, Auta, amma ba ta dawowa. Tun safe har azahar ina lallashinta, ko taƙi ɗaya ban ɗinka ba." Ya ɗago ya dube ta. "Kin ce gaskiya kike so. To babu sauƙi."

Shekara goma sha tara tana jiran wani ya ba ta wannan amsar a wannan teburin, ga shi yau an ba ta. Biro yana hannunta, layin yana jiranta, ta kasa rubuta ko harafi ɗaya. Ta kalli hannuwansa, ta kalli ƙafar da ke kwance cikin silifas ɗin da matarsa ta ɗaure masa da roba ta bayan dunduniya, sai ta ji bakinta yana magana ba da izininta ba.

"Haba Yaya, da sauƙi mana. Ai da sauƙi."

Ya yi ɗan murmushi, ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

"Ina sauƙin, Auta?"